Tsamiyar Ba'adare

A ƙauyenmu baƙo yana iya noma ƙasa shekara ashirin, ya haƙa rijiya a cikinta, ya zuba mata taki har ta yi baƙi, ba mai ce masa kanzil. Amma ranar da ya dasa itace a gonar aro, ranar za a kira shi gaban maigari. Gero ana yanke shi, albasa ana cire ta, shi kuwa itace zama yake yi, kuma wanda ya dasa shi da iznin mai ƙasa ya zama mai wurin. Da haka muka tashi muka tarar, ba wanda ya taɓa rubuta shi. Na fara da wannan ne don kada wanda bai sani ba ya ɗauka a kan ɗan tsiro nake wannan kuka, ni da furfurata.

Mutumin ya zo gidanmu ina da shekara goma sha uku. Daga Adar ya fito, can hannun Faransa, ya gudo wa aikin dole. Ya ce wata uku suna ɗaukar duwatsu a ka suna yi wa Nasara hanya. Ranar da aka ce an ƙara musu wasu ukun, sai ya ajiye kwandonsa ya ce zai zagaya, kuma zagayawar nan ba ta ƙare ba sai a Goronyo. Ya yi damina guda yana ƙwadago a Boyekai, sannan ya biyo gulbi ya gangaro wajenmu, kusa da Dinawa a ƙasar Wurno. Babana ya ɗauke shi baran gida. Ci da tufa da wurin kwana na gida ne, aikin gandu daga safe zuwa azahar, abin da ya rage na yini kuma nasa. Aka ara masa wani ɗan tsiri a bakin fadama ya yi gayauna, wurin da aya-aya da ƙaya suka kori kowa.

Yana da sunan yanka, kuma na san shi, amma ba mai kiransa da shi. Ba'adare kawai ake cewa, yara da manya. Dogo ne siriri, ba ya son magana da safe, kuma da hauyar tsaye yake noma irin ta mutanensu. Mukan yi masa tsiya mu ce manomin da ba ya ruku'u. Sai ya ce mu ci gaba da duƙawa, zai zo ya miƙar da mu idan mun tsufa.

Tsirin nan da kowa ya raina, cikin rani uku ya zama abin zuwa kallo. Ya tsince aya-ayar da hannu, ya haƙa rijiya ya kafa mata jigo, ya ja fangali kamar an auna da igiya. Irin albasar da ya zo da shi a ƙulle a tsumma ba irin namu ba ne, jajaye ne masu tauri, suna kai damina ba su ruɓe ba. Shi ya koya mini dashe. Shi ya koya mini cewa ana yanke wa albasa ruwa kafin a cire ta, ana kuma zaɓen uwar iri tun tana cikin ƙasa. Idan na yi ganganci ba ya faɗa, sai dai ya cire abin da na dasa ya miƙo mini. Ƙanena yake ce mini, ni kuwa ban taɓa ce masa yaya ba, don ɗan maigida ne ni, kuma ina ji da hakan.

Akwai wani kasko da yake ajiyewa a bakin rijiyar, da 'yar tsamiya a ciki. Tsamiyar da uwarsa ta ƙulla masa cikin guzuri ce, ya sha tsamin ya adana ƙwallo guda ya shuka. Ba shi da ikon sa ta a ƙasa, sai ya bar ta a kasko. In saiwa ta cika wannan ya nemi wanda ya fi shi girma, mata har ajiye masa fasassun tukwane suke yi suna dariya. Shekara bakwai ba ta wuce gwiwa ba. Amaryar Ba'adare muke ce mata, don ita yake fara ba ruwa kafin albasa.

Ina da shekara ashirin yaƙin Turawa ya iso mu. Ba ƙarar bindiga muka ji ba, takarda ce ta zo daga hakimi cewa ana son mutane a kai soja, maigari kuma ya raba abin gida-gida. Gidanmu maza uku ne. Wana yana da mata da 'ya'ya, ƙanena bai isa ba, saboda haka malamin hakimi ya rubuta sunana. Ba zan yi wa kaina ado ba: da na ji, zawo ne ya kama ni. Kwana biyu ina zarya bayan gida, innata tana kuka a madafa, yarinyar da aka yi mini baiko da ita ta aiko a tambaya ko gaskiya ne wanda ya hau ruwan teku ba ya dawowa.

Rana ta uku da la'asar babana ya ce in biyo shi fadama. Muka tarar da Ba'adare yana jan jigo. Babana ya tsaya ya daɗe yana kallon fangalin, sannan ya yi magana ba tare da ya dube shi ba.

"Ba'adare, ka ji abin da yas samu gidan ga."

"Na jiya, Baba."

"Ba ni tilasta ka. In ka ce a'a, tuwonka na nan yadda shike."

Ba'adare ya zuba gugan da ya jawo, ya bi ruwan da ido har ya shiga fangali. Ya ce, "In na tahi, in Allah ya maido ni, ina za ni komo?"

Babana ya nuna kaskon da sandarsa. Ya ce, "Ɗauko amaryag ga taka ka sa ta ƙasa."

Ba'adare ya ɗauko kaskon. Ya zaɓi kan tudu inda ambaliya ba ta kaiwa, ya haƙa rami, ya fasa kaskon da ƙotar hauya don kada ya ji wa saiwar. Saiwar ta nannaɗe kanta kamar gammo. Ya warware ta a hankali, ya sa, ya mayar da ƙasa. Babana ya karɓi guga da hannunsa ya zuba ruwan farko. Ya ce, "Daga rijiya hat tudun ga naka na, kai da ɗiyanka." Sannan ya juyo gare ni. "Kai ash shaida. Kak ka gaya ma baffanka sai na samu lokacin da za ni yi mai magana da kaina." Baffana, ƙanen babana, yana da hakki a gandun, kuma mutum ne da ba ya barin ko tsinke ya fita gida.

Mu uku ne a wurin, sai tsamiya ta huɗu.

Washegari aka tara waɗanda aka rubuta a ƙofar hakimi a Wurno. Da aka kira sunana, shi ya ce na'am. Maigari ya dubi ƙasa, malamin hakimi ya dubi takardarsa, Baturen da ya zo ɗaukar soja kuwa ƙirji da haƙora yake dubawa, kuma na Ba'adare sun fi nawa. Ina cikin 'yan kallo, na ja rawani na rufe baki. Da za su kama hanyar Sakkwato ya matso kusa da ni ya ce, "Ƙanena, guga ɗaya da sahe, hat ta kama. In ta kama ba ta son kowa." Na ce to.

Kuma na yi. Ina so a rubuta mini wannan, ko da shi kaɗai ne. Shekara guda cur ina ba ta ruwa, na yi mata shinge da ƙaya saboda awaki. Da ta ji ƙasa sai ta miƙe kamar tana jin haushin shekarun kasko, kafin damina ta zagayo ta kai ƙuguna.

A shekara ta biyu babana ya kwanta, ciwon kwana shida. Bai samu lokacin nan da ya ce zai yi wa baffa magana ba, ko kuma ya samu ya yi ta ɗagawa, Allah ya jiƙansa, halinmu ɗaya. Bayan arba'in aka zauna rabon gado. Aka bi gonaki ɗaya bayan ɗaya, da aka zo kan tsirin fadama baffa ya ce tunda ni nake aikinsa tun tafiyar Ba'adare, a bar mini shi cikin rabona. Nan ne wurin da zan buɗe baki. Kalma goma ta isa. Amma na riga na ci albasar wurin rani biyu, da kuɗinta aka yi mini aure, kuma babu wuri mai kyansa a duk abin da aka raba. Na ce a raina ai riƙe masa zan yi. Na karɓa.

Da aka fita zagayen iyaka, baffa ya tsaya a kan tudun. Ya ce, "Wa yad dasa wagga?"

Na ce, "Ita tat tsiro, Baffa."

Ya dubi shingen ƙayar, ya dube ni. Ya ce, "Icce mai tsirowa da shingenai. To, madalla."

Bai ce in sare ba. Na sha so in ɗora masa, amma bai ce ba. Ni na kwana da abin, ni na ga cewa muddin tana tsaye akwai mai ƙaryata ni. Da hantsi na je na sare ta daga tushe, na tura ƙasa na rufe kututturen, na jefa reshen a gulbi. Ko minti biyu abin bai ɗauka ba.

A watannin nan aka yi ta jita-jita cewa jirgin ruwan da ya ɗauki mutanen ƙasarmu ya nutse. Mata suka yi ta koke-koke. Ni ma na sa hannu a ka tare da mutane, amma abin da na ji a cikina sanyi ne, kamar an sauke mini kaya. Mutum ya tafi mutuwa a madadina, aka ce ya mutu, na ji daɗi. Na yi istigfari a kan wannan fiye da yadda na yi a kan komai.

Da damina ta sauka sai ga tsamiya ta tofo, rassa biyu daga kututturen, kore shar. Na sake sarewa. Bayan wannan na daina hawa tudun, na canza hanyar da nake bi zuwa rijiya.

Shekara huɗu da tafiyarsa, ana tsakiyar dashe, yara suka shigo da gudu suna cewa ga soja. Na fito na gan shi a ƙofar zaure, da kaki da jaka, takalman a rataye a wuya don ya ce sun fi ƙafarsa daraja. Ya rame, tsakiyar kansa ta yi sanƙo fes. Da na yi masa magana daga gefe sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, kamar ƙyaure. Wuyansa ba ya juyawa.

Bai san babana ya rasu ba. Ya ciro bargon soja da ya kawo masa, ya riƙe shi a hannu, ya rasa inda zai sa. Daga baya ya miƙa wa innata. Ni kuma ya ba ni addarsa ta soja, baƙa mai nauyi, ya ce da ita ya sare dajin ƙasar Bama, can gaba da Hindu, yanzu ta huta ta sare ƙaya. Muka je kushewa ya yi addu'a. A hanyar dawowa ya ce, "Mu biya hwadama." Na ce haba, mutum ya sha hanya, ga tuwo an sauke.

Kwana uku ina hana shi zuwa, kuma da labari na hana shi. Duk abin da na sani na yaƙinsa, a kwana ukun nan na ji, ba don ina son ji ba. Da ya yunƙura zai tashi sai in jefa masa wata tambaya, zaure kuwa cike da mutane, ba ya iya ƙi.

Ya ce daga Sakkwato mota ta kai su Gusau, jirgin ƙasa ya kai su Ikko, daga nan sai ruwan da ba shi da gaɓa. Ya ce a ƙasar Hindu sun sha rikici da wani malami a cikinsu kafin su yarda cewa Makka ta koma bayansu, sai inda rana take faɗuwa ake fuskanta a yi salla. Aka tambaye shi Japan nawa ya harbe. Ya yi dariya ya ce shi ba a ba shi bindiga ba. Adda aka ba shi da gammo. Rundunarsu ta 'yan dako ce, su suke ɗaukar harsashi da abinci da guntayen igwa a ka, su bi masu bindiga inda mota ba ta zuwa, inda alfadari ma yake tirjewa. Ya ce, "Na guje ma kwandon Faransa, na tahi nis samu akwatin Ingilishi. Kaina dai anka yi ma rabo."

Ya ce ruwa yakan yi wata yana zuba, tufa ta ruɓe a jikin mutum. Matsattsaku suna faɗowa daga ganye, sai ka cire takalmi ka ga jini. Abinci daga sama jirgi yake jefo musu da laima, wani buhun kuma ba laima, ya ga wanda buhun shinkafa ya kashe. Idan an yi faɗa su suke komawa da masu rauni a kan gora. Ya ɗauki wani yaron Gwandu yini biyu, yana yi masa hira don kada ya yi barci, sai da suka isa likita ya ce ai tun jiya ya cika. Kunnensa na hagu igwa ce ta kashe shi. Wuyan kuwa a kan wani dutse mai santsi ne, ƙafarsa ta zame da akwatin harsashi a kansa, ga mutane a ƙasansa a jere. In ya saki akwatin zai tafi da su. Bai saki ba, sai wuyan ya karɓa.

Ya dube ni a nan ya ce, "Kullum da sahe sunanka aka kira, ni ka amsawa. Sunanka bai gudu ba ko sau guda, ƙanena. Ban ɓata maka shi ba." Mutane suka yi ta cewa madalla. Ni na ce bari in ga ko an kawo fura.

A rana ta biyu ne ya faɗi abin da ya hana ni cin abinci. Ya ce a ƙasar Bama akwai tsamiya, manya-manya, a bakin ƙauyukan da aka ƙone. Duk inda ya ga ƙarama sai ya tsaya kusa da ita ya gwada. Ya ce wa kansa yanzu tawa ta kai ƙugu, yanzu ta kai kafaɗa, bana ta wuce ni. Abokansa har sun san halinsa, in sun hango tsamiya sai su ce ga matarka can. Ya ce ranar da wuyansa ya karye, yana kwance a cikin laka, lissafin da yake yi shi ne ko ta isa ta yi wa mutum ɗaya inuwa.

Da asubar rana ta uku, bayan salla, na zame na tafi fadama. Na hau tudun da na shekara biyu ban hau ba. Ta sake tofowa, rassa uku, sun kai cinyata. Da na bar su, da na ce awaki ne suka cinye ta ta sake fitowa, da ya yarda. Amma tsoro ba ya shawara. Addar da take hannuna ita ce wadda ya ba ni, don ita ta fi kaifi a gidan. Na sare, na rufe da ƙasa, na cusa rassan cikin shinge.

Da hantsi ya ce yau kam ko da labarin Annabawa na zo sai ya ga gonarsa. Muka tafi. Ya yaba fangalin, ya ce na iya dashe yanzu. Ya taɓa jigon. Sannan ya juya jikinsa wajen tudu, ya tsaya.

Na ce, "Gara tac cinye ta. Tun shekarar da Baba ya rasu."

Ya hau tudun, ya durƙusa da ƙyar, ya share ƙasar da tafin hannu. Ga tsohon sara ya yi baƙi, ga na biyu, ga kuma sabo guda uku farare, danshinsu bai bushe ba. Ya shafa su da babban yatsa. Ya daɗe a haka.

Ya ce, "Garag garinku da adda taka yawo." Ya ƙara shafawa. "Kuma addar tana da kaihi. Ni niw wasa ta."

Ya mayar da ƙasar ya rufe kamar yadda ya same ta.

Ya kai magana gaban maigari, don haka ake yi. Aka zauna a ƙofar gida bayan azahar, da baffa da wana da dattawa. Ya faɗi yadda aka yi, bai ƙara ba bai rage ba, sai dai bai ambaci sara ba. Baffa ya ce shi bai san da wannan kyauta ba, kuma gona ba goro ba ce da za a bayar a ɓoye. Maigari ya ce, "Iccen na nan?" Ba'adare ya ce babu. "To akwai shaida?" Ya ce, "Ƙanena na nan."

Ya juyo da jikinsa gaba ɗaya ya fuskance ni. Kowa ya san a madadin wa ya tafi. Da na ce haka ne, ba mai musu, ko baffa sai ya haɗiye. Matata tana da ciki a lokacin, albasa ta fara ƙwai, na tuna wannan duka, kuma na tuna cewa in na ce haka ne sai an tambaye ni ina itacen.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni dai ban jiya ba."

Sai Ba'adare ya ce, "Ranka shi daɗe, na janye. Kunnen ga nau igwa ta ɓata shi. Ƙila ban ji maigida daidai ba."

Duk wanda yake zaune a wurin ya san da kunne biyu lafiyayyu ya tafi yaƙi. Ya ba ni ƙofa ne in fita da mutuncina, ni kuwa na bi ta. Sau biyu ke nan yana shiga gabana.

Da safe ya ɗaure jakarsa. Innata ta roƙe shi ya zauna a ara masa wani wuri, ya ce akwai abokin sojansa a Rabah da ya yi masa tayin aiki. Na raka shi bakin gari, ba don ya nema ba. Da za mu rabu ya ce, "Kak ka sake sare ta. Ba ta cin albasa." Ya kama hanya. Bai waiwayo ba, na ce wa kaina saboda wuyan ne.

Ban sake sare ta ba. Ta tashi da jiki uku daga tushe guda, a karkace, har yau haka take. Rabah tafiyar yini ce, a kan jaki ba ta ma kai ba. Kowace shekara ina cewa in an cire albasa zan je in kira shi, in tsaya gaban maigari in faɗi gaskiya. In an cire albasa sai in ce bari a yi shuka. Na yi shekara tara ina wannan, ina cin wurin, 'ya'yana suna girma da shi.

Shekarar da ta fara 'ya'ya, matata ta tsinko ta dama kunun buɗa-baki da azumi. Na kai ludayi baki, na ji tsamin, na mayar da shi ban sha ba. Bayan salla da kwana biyu na cika taiki da tsamiyar na ɗora wa jaki na nufi Rabah.

Na tambayi sunansa na yanka a kasuwa, ba wanda ya sani. Na ce tsohon soja, dogo, wanda wuyansa ba ya juyawa. Sai wani mai gyaran takalmi ya ce, "Au, wane kaka nuhi!" Ya faɗi sunana. Da sunan takardar sallamarsa suka san shi. Ya ce, "Ai ya rasu da daminag ga da taw wuce. Allah shi jiƙan wane." Ina tsaye da igiyar jaki a hannu na ji an yi wa sunana addu'ar matattu, na kuma amsa.

Aka kai ni wurin wani dattijo mai lambu a bakin gulbi, wanda ya yi wa aiki har ƙarshe. Shi ya nuna mini kushewar. Na tambaye shi ko ya bar mata ko ɗa, ya ce babu. Ko ya taɓa faɗin sunan garinsu? Ya ce shi dai Adar ya ji. Mu ma Adar muka sani. Shekara bakwai muna cin tuwo a akushi ɗaya, ba wanda ya tambaye shi sunan ƙauyensu ko na ubansa, ga shi yanzu ina da gonar mutum a hannu ba ni da wanda zan miƙa wa.

Dattijon ya ce mutumin kirki ne, albasar lambun nan duk irinsa ce. Ya ce da ya ga ƙarfin mutumin ya fara ƙarewa, ga shi ba shi da kowa, sai ya yanka masa kusurwa guda ya ce ya dasa itacen da yake so, wurin ya zama nasa.

"Sai yac ce mani a'a. Yac ce shina da gona ƙasar Wurno, da tsamiya ciki, ƙanenai na riƙe mai." Ya dubi taikin da ke kan jakina, ya ga abin da ya leƙo daga bakinsa. Ya ce, "Ko kai aƙ ƙanen?"

Na ce ni ne.

Ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Ka riƙe amana. Irinku sun yi kaɗan."

Ga kushewar a gabana, ga dattijo yana jiran amsa. Ko a nan ɗin akwai wurin da zan buɗe baki. Na ce amin.